Wasiƙa daga Gadarif: kafin a ƙara ɗaki a asibitin unguwa, a ƙara kujera a kwamitinsa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ni ungozoma ce, "daya" kamar yadda ake kiranmu a nan da Larabci, ina aiki a wata ƙaramar cibiyar lafiya ta unguwa a garin Gadarif, gabashin Sudan. A nan aka haife ni, a nan aka haifi mahaifiyata. Kakanninmu ne suka taso daga ƙasar Hausa da niyyar sauke farali, Allah ya zaunar da su a hanya, irin yadda ya zaunar da 'yan uwanmu na Mai Wurno da Sannar da Kasala. Jaridarku tana iso mana ta waya, kuma na san batun da zan kawo ba baƙo ba ne ga mai karatu a Kano ko Maraɗi, domin duk inda aka ce asibitin unguwa, to akwai kwamitinsa.

Abin da nake so in faɗa shi ne, duk ranar da asibitin unguwa zai ƙara wani aiki a kan wanda yake yi, dole kwamitin da ke riƙe da shi ya sake zama, a shigo da mutanen da sabon aikin ya shafa, kuma a ba shi ikon cewa "a dakata, ba mu shirya ba". Mu ba a yi haka ba, kuma da idona na ga abin da ya biyo baya.

Cibiyarmu da ɗaki biyu ta fara. Da gayya aka gina ta: samari suka buga tubali, 'yan kasuwar amfanin gona suka fitar da wani abu daga cinikin riɗi, hukumar mahaliya, wato ƙaramar hukuma, ta turo mataimakin likita, daga baya aka kawo ni da mai allurar rigakafi. Kwamitin, lajna a bakin mutanenmu, dattawa ne: mai unguwa, liman, 'yan kasuwa biyu, sai wani tsohon malamin makaranta da ke riƙe da kuɗi. Bayan la'asar suke zama a ƙofar masallaci. Aikinsu gyaran rufi kafin damina, da kuɗin mai gadi, da tabbatar da cewa mai jaki ya kawo gangar ruwa kowace safiya, domin duk wanda ya san Gadarif ya san ruwa ne babban ciwon kanta. Kuma wallahi sun riƙe amana. Ban taɓa jin an ce ko sisi ya ɓata a hannunsu ba. Ina faɗin wannan tun da wuri don kada wani ya ɗauka zagin iyayena na zo yi a jarida.

Sai yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023. Mutanen Khartum suka fara isowa. A watan Disamba na shekarar Wad Madani, babban birnin jihar Jazira, ta faɗi, garinmu ya cika ya batse, makarantu suka koma wurin kwana. A tsakiyar 2024 mutanen Sinja da Dindir suka biyo baya. Ga kwalara da aka ayyana a jiharmu a Satumban 2023, ta sake dawowa a daminar 2024, ga zazzaɓin dengi, ga maleriya da kala-azar, zazzaɓin da ke kumbura saifa, da dama can muna fama da su. Layin awon ciki da a da muke gamawa kafin azahar ya koma sai rana ta yi sanyi.

A cikin wannan hali wata ƙungiyar agaji ta zo da tayi mai kyau: za ta gina ɗakin haihuwa, ta sa ɗakin gwajin jini, ta kafa sola da firji, ta biya alawus don a riƙa kwana a wurin aiki. Wa zai ƙi? Dattawa suka yi zama ɗaya da baƙin da wakilin hukuma, aka sha shayi, shugaba ya sa hannu, aka yi fatiha. Ni da zan karɓi haihuwa a ɗakin, sai da na ga ana haƙa tushe na san an yanke magana. Ba a tambayi mace ko ɗaya ba. Ba a tambayi mutum ɗaya daga cikin waɗanda suka yi gudun hijira ba, alhali saboda yawansu aka kawo aikin.

Ginin ya yi kyau, ba a magana. Amma ƙofar ɗakin haihuwar tana kallon inda mai shayi take kafa kujerunta, wurin da maza suke zama tun safe har dare. Macen da faya ta fashe mata, zani a jiƙe, tana dafa bango, ta gaban mazan unguwarta za ta wuce. Tagar kuma a buɗe take ta wannan gefe, duk nishin da ta yi a kunnensu. Ban ɗaki yana can ƙarshen fili, bayan ɗakin gwaji, babu fitila a hanya. Ba a ware inda za a binne mabiyiya ba, ba a ware inda uwar mai jego ko surukarta za ta shimfiɗa tabarma ta ɗora ruwan zafi ba, alhali a wurinmu mace ba ta zuwa haihuwa ita kaɗai. Watannin farko ɗakin ya fi zama a wofi. Aka fara cewa matan unguwar nan ba su waye ba, sun fi son haihuwa a gida. Ni kuwa da nake shiga gidajen na san dalili, domin a kunnena suke faɗa: "Inna, ki zo gida ki karɓe ni, ba zan iya wucewa ta gaban su Baba ba." Da an zaunar da mata uku na rabin sa'a kafin a zana ginin, da an juya ƙofar ta kalli gabas, ba tare da an ƙara ko tubali ɗaya ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Daga baya mu mata muka yi karo-karo muka sayi zana muka kare wurin, sannan aka fara zuwa.

Wannan mai sauƙi ne. Mai nauyin shi ne abin da ya faru a wani dare na damina. An kawo mini wata baiwar Allah daga cikin mutanen Jazira da ke zaune a makaranta, haihuwarta ta biyar, jikinta fari fat saboda ƙarancin jini. Ta sauka lafiya wajen tsakar dare, mabiyiya ta fito, sai jini ya ɓalle. Duk ungozoma ta san wannan lokaci: ka sa hannu a mara ka ji mahaifa ta saki, ta yi laushi maimakon ta dunƙule. Allurar da ake yi a nan ita ce oxytocin, kuma a sanyi ake ajiye ta, tsakanin digiri 2 zuwa 8, in ta daɗe a zafi ƙarfinta raguwa yake. Firjinmu kuwa ya yi makonni yana mutuwa da zarar rana ta faɗi, saboda batiran solar sun gaji. Na yi mata allurar ina addu'a, na ɗaura ruwa, na yi ta murza mara, na sa ƙanwarta ta ɗora mata jaririn a nono. Jinin ya ragu amma bai tsaya ba. Tana bukatar babban asibiti, inda akwai jini da ɗakin tiyata. Ba mu da mota. Baƙar ƙasar Gadarif kuwa in ta sha ruwa, ko mai ƙafa sai ya cire takalmi, balle raksha, keke mai ƙafa uku. Mai gadi ne ya ruga cikin ruwa ya buga ƙofar wani manomi da ke da tarakta, muka shimfiɗa katifa a tirela, na riƙe ledar ruwan sama da kaina har muka hau kwalta. Allah ya yi da sauran kwananta a gaba.

Da gari ya waye na bi sawun maganar batir. Ƙungiyar ta ce ta miƙa kaya tun ranar buɗewa, gyara ba ya cikin yarjejeniya. Ofishin lafiya ya ce babu shi a kasafinsa, albashi ma da ƙyar yake fita. Dattawan kwamiti suka ce, kuma gaskiya suka faɗa, ba wanda ya taɓa gaya musu batir yana da wa'adi. Maganar mota kuwa ba wanda ya taɓa tayar da ita tun farko. An buɗe ɗakin haihuwa na dare da rana ba tare da an zauna an tambayi abu mafi muhimmanci ba: in haihuwa ta gagara, ko jijjiga ta kama mai ciki, da me za a kai ta gaba, wa zai biya kuɗin mai, lambar wa za a kira, kuma can ɗin sun san da zuwanmu? Ɗakin haihuwar da ba shi da hanyar tura mara lafiya gaba yana jawo mace ta ɓata sa'o'in da ya kamata ta yi su a hanyar babban asibiti. Akwai ƙwayar misoprostol da ba ta bukatar firji, ana amfani da ita inda allurar ba ta samu ba. Da akwai wanda ya tambaye ni, da ita zan fara sa wa a jerin kaya.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ta kusa raba kan unguwa. Muddin aikin ƙungiyar yana tafiya, komai kyauta ne. Da wa'adinsa ya cika, alawus ya tsaya, kayan gwaji suka ƙare. Shugaban kwamiti da mai kula da cibiya suka zauna su biyu suka yanka kuɗin kati da na gwaji da na haihuwa, aka manna takarda a ƙofa. Ban ce sun yi kuskure da suka sa kuɗi ba, domin ba a sayen safar hannu da fatan alheri. Amma mutane sun kwana ana yi musu kyauta, sun tashi ana ce musu su biya, ba wanda ya yi musu bayani. Nan da nan magana ta bazu. 'Yan gari suna cewa baƙi ake yi wa kyauta da kuɗinsu. Baƙi suna cewa an karɓi tallafi da sunansu an cinye. Masu katin inshorar lafiya, ta'amin, suna tambayar me ya sa katinsu yake aiki a wani wuri ba ya aiki a sabon ɗakin gwaji, amsar kuwa ita ce ba wanda ya je ya nemi a shigar da sabon aikin cikin tsarin. Ga shi tun da aka canza takardun kuɗi a Disamban 2024 tsabar kuɗi ta yi wuya, kowa da Bankak, manhajar banki ta waya, yake biya. Cibiyar ba ta da asusu da sunanta, sai ya zama ana turawa a asusun ɗan ma'aji, shi kuma ya rubuta a littafi. Na ga littafin, tsaf yake. Amma wa zai hana mutane magana? Dattijon da ya yi shekaru yana koyar da 'ya'yanmu, na gan shi ya zo cibiya idonsa ya kaɗa, ya ajiye littafin a kan tebur ya ce a nemi wani. Rashin tsari ne ya ja masa zargin da bai cancanta ba.

Wannan matsala ba a kanmu aka fara ta ba, kuma akwai waɗanda suka nema mata magani. Tun taron lafiya na duniya da aka yi a Alma-Ata a 1978 aka amince cewa jama'a suna da haƙƙin shiga cikin tsara lafiyarsu. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka zauna a Bamako suka fito da tsarin da jama'a za su biya wani abu na magani, kuɗin ya tsaya a cibiyar ya riƙa juyawa, su kuma jama'a su sa ido a kan yadda ake kashe shi. A ganina rabin farko ne ya yi tsawon rai a yawancin wurare, wato biyan kuɗin, rabin sa idon kuwa aka bar shi a takarda. A Nijar akwai kwamitocin kula da asibiti da suke kira COGES, a Najeriya akwai kwamitin raya mazaɓa, masu karatu na can sun fi ni sanin wanda yake aiki da wanda suna ne kawai. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na Amurka. Cibiyoyin lafiyar al'umma na can sun faro ne a 1965, a unguwannin talakawa, kuma dokarsu ta ce cibiyar da take son kuɗin gwamnatin tarayya dole mafi yawan 'yan hukumar gudanarwarta, aƙalla kashi 51 cikin 100, su kasance mutanen da a nan ake duba lafiyarsu. Wannan hukuma ce take amincewa da kasafin kuɗi, da sa'o'in aiki, da irin ayyukan da za a ƙara, ita ce kuma take naɗa shugaban cibiya ta sauke shi. Ma'aikacin cibiyar da iyalinsa na kusa ba sa zama a cikinta. Ban kawo wannan don mu kwaikwayi Amurka a komai ba, su ma suna da nasu kukan a harkar lafiya. Na kawo shi ne don wannan ƙa'ida ɗaya ba ta bukatar dala, kuma ta dace da hankali: wanda shi da matarsa da 'ya'yansa suke bin layin nan, shi zai fi damuwa in firji ya mutu. A kwamitinmu akwai bayin Allah da in ba su da lafiya asibitin kuɗi suke zuwa. Ban ga laifinsu ba, Allah ne ya hore musu, amma bai kamata su ne mafi rinjaye ba.

Saboda haka ni ba kujera nake nema wa kaina ba. Ma'aikaciya ce ni, bai kyautu in zauna in jefa ƙuri'a a kan alawus ɗina ba. Abin da nake so shi ne a kira mu, ni da mataimakin likita da mai gwaji har da mai gadi, a ji ta bakinmu kafin a sa hannu a kan kowane sabon aiki, sannan mu fita su yanke. Haka kuma ba na so ɗan kwamiti ya shigo ɗakin magani yana cewa a fara duba wance saboda 'yar wane ce. Kowa da iyakarsa.

Na san abin da za a ce, domin an riga an faɗa mini. An ce mata ba za su iya zama da maza su yi magana ba. Matan nan su ne suka riƙe tukwanen takaya, wato girkin sadaka na unguwa, suna ciyar da ɗaruruwan mutane lokacin da makarantu suka cika, su suke riƙe adashi shekara da shekaru ba a taɓa jin rigima ba. In ƙofar masallaci bayan la'asar ba ta dace da su ba, a mayar da zaman harabar cibiya da hantsi. An ce ba su yi karatu ba. Macen da ta san kuɗin kowace mace a adashin mutum talatin ba tare da takarda ba, za ta gane in kuɗin shiga bai yi daidai da na fita ba, a karanta mata kawai. Kuma muna da 'yan mata da suka gama jami'a suna zaune a gida. An ce baƙi komawa za su yi. Gaskiya ne da yawa sun koma tun da aka karɓo Madani a Janairun 2025, amma wasu ba su da gidan komawa, kuma muddin suna kwana a unguwar nan, a nan za su haihu. Kujera ɗaya ba za ta rage wa kowa komai ba.

Akwai kuma wadda ba a faɗa da ƙarfi, ni zan faɗe ta. Wasu daga cikinmu suna ganin tunda Hausawa suka buga tubalin farko, kwamitin namu ne. Unguwarmu akwai Barebari, akwai Fulani, akwai Masalit, akwai Larabawa, kuma duk na karɓi haihuwar 'ya'yansu. Mu da muka ga abin da ya sami 'yan uwanmu a rikicin ƙabilanci na yankin Damazin a Yulin 2022, mun fi kowa sanin ɗacin a ce maka ba ka da ta cewa a inda kake zaune. Bai kamata mu yi wa maƙwabci haka a kan asibiti ba. Cibiyar da kowace ƙabila take da ido a cikin littafin kuɗinta, ba mai iya hura wutar gaba da sunanta.

Roƙona ga iyayenmu na kwamiti, Allah ya ƙara musu lafiya, shi ne su kira taron unguwa da kansu, kada su jira a tilasta musu. A zaɓi sababbin mutane a ƙara a kansu, mata su kai aƙalla kashi ɗaya cikin uku, a sa wa kowace kujera wa'adi. A buɗe asusu da sunan cibiya, kuɗi ba ya fita sai da hannun mutum biyu, kuma duk ƙarshen wata a rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita a allo a bakin ƙofa, da Larabci, a kuma karanta shi da Hausa ranar awo. A rubuta sunayen waɗanda aka yafe wa biya bisa ƙa'idar da kowa ya sani, a nemi Diwanin Zakka ya ɗauki nauyin wasu. Ga ofishin lafiya na mahaliya, kada ku sa hatimi a kan faɗaɗa wata cibiya sai kun ga a rubuce wanda zai biya ma'aikata da gyaran kaya bayan mai tallafi ya tafi. Ga ƙungiyoyi kuwa, mun gode, Allah ya saka, amma ku daina ɗaukar sa hannun mutum ɗaya a matsayin yardar unguwa, kuma ku faɗa mana ranar tafiyarku tun ranar zuwanku.

Yanzu haka ana maganar ƙara mana ɗakin kwantar da yara masu tamowa. Ana bukatarsa, ni shaida ce. Ga kuma rigakafin maleriya da aka fara a jiharmu a Nuwamban 2024, wanda shi ma firji yake so, kuma sai uwa ta dawo da yaro sau huɗu kafin ya cika. Ina roƙon kada a haƙa tushen sabon ɗakin sai an sauya batiran nan, an yi yarjejeniya a rubuce da masu tarakta da masu mota biyu ko uku da za a riƙa kira da dare, an manna lambobinsu a bango, an kuma zaunar da iyayen yaran an tambaye su inda za su kwana da wanda zai kula musu da sauran 'ya'ya a gida. Ruwa yana sauka a watan Yuni, ya kamata a gama wannan zama kafin lokacin.

Na gode da wannan fili. Wassalam.

Taku,
Wata ungozoma,
Gadarif, Sudan